Daga Bukkar Garka zuwa Gidan Zama: Dokar Fili da ta Gini a Arlit da Akokan

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna so mu bi sawun wata ƴar tambaya wadda da farko za a ɗauka ta ma'aikatan safiyo ce, alhali a ƙarƙashinta akwai tarihin mallakar ƙasa a arewacin Nijar. Tambayar ita ce: yaushe ne bukkar da mutum ya kafa a garkarsa don ajiyar kayan aiki, ko rumfar da ya yi wa bisashensa, take zama gidan zama a idon hukuma, kuma wane ne ke da ikon cewa ta zama?

A ƙasashen Turai wannan tambaya ta daɗe da samun babinta a cikin doka. A Ingila, tun daga dokar tsarin birni da ƙauye ta 1947, manomi ba ya da ikon mayar da rumbunsa ko ɗakin shanunsa gidan zama sai da izinin hukumar yankinsa. A 2014 aka sassauta, aka ba da izini na bai-ɗaya, wanda daga 2015 aka san shi da rukunin Q, cewa ana iya fitar da gidaje har 3 daga gine-ginen gona ɗaya, muddin faɗinsu bai wuce murabba'in mita 450 ba. An kai adadin 5 a 2018, sa'an nan 10 a 2024. Duk da haka sai hukuma ta fara duba hanyar shiga wurin, da haɗarin ambaliya, da kuma ko ƙasar wurin ta gurɓata. A Faransa kuwa, wadda daga gare ta muka gaji yawancin kalmominmu na tsarin gari, dokar 2 ga Yuli 2003 ta yarda kundin tsarin kowane gari ya zayyana gine-ginen gona da za a iya sauya wa aiki, abin da suke kira changement de destination, kuma daga 2014 aka ɗora sharaɗin amincewar wani kwamitin jaha mai kare filayen noma.

Waɗannan dokoki duka sun tsayu ne bisa abubuwa uku da ake ɗauka tabbatattu: an san ginin, an san mai shi, kuma an rubuta ƙasar da yake kai a matsayin ƙasar noma. Abin da suke tsoro shi ne kada mutanen birni su cinye gonaki da gidajen hutu. A Arlit da Akokan babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya tabbata. Abin da muke so mu nuna shi ne, a garuruwan ƙarfen uraniyom doka ba ta taɓa kallon ginin ba, ƙasa ta kalla, kuma ta riga ta raba ƙasar tun kafin mutane su iso. Saboda haka bukka ta yi ta zama gida ba tare da an tambayi kowa ba, kuma kuɗin wannan shiru ba a lokacin gini ake biyansa ba, sai daga baya, ranar da aka zo awon filaye, ko biyan diyya, ko auna abin da ke cikin bango.

2. Ƙasar da doka ta ce ba ta noma ba ce

Dole mu koma baya kaɗan. Dokar mulkin mallaka ta 26 ga Yuli 1932 ta tsara rajistar filaye a Afirka ta Yamma ta Faransa, ta 15 ga Nuwamba 1935 kuma ta ba gwamnati duk ƙasar da aka ce fanko ce marar mai ita. Ga wanda ya zo daga ƙasar garma da shinge, makiyayar Talak da Tamesna, a yammacin duwatsun Abzin, fanko ce tsantsa: babu kunya, babu kara, babu katanga. Ga Abzinawan da ke bin ta da raƙuma kuwa, kowane kwari da kowace rijiya suna da suna da masu fifiko a kansu. Wannan saɓanin kallo shi ne tushen kusan duk abin da ya biyo baya.

Dab da samun ƴancin kai, doka mai lamba 59-113 ta 11 ga Yuli 1959 ta tsara yadda gwamnati za ta ba da filayenta. Ta raba su zuwa na karkara, na birni da na masana'antu, ta kuma kafa ƙa'idar da har yanzu inuwarta ke kanmu: ana ba mutum fili na wucin gadi, sai ya raya shi cikin wa'adi sa'an nan a tabbatar masa. Rayawa a birni tana nufin gini, kuma a al'adar ofis da aka gada ginin da ake lissafawa shi ne na siminti da kwano, wanda Faransanci ke kira en dur. Laka da tabarma kayan wucin gadi ne, ko da kuwa hasumiyar masallacin Agadas, wadda ta laka ce, tana tsaye tun gyaran da aka yi mata a 1844. Ke nan tun daga nan an riga an yanke hukunci a kan bukkar garka: a takarda ba gini ba ce, balle a yi zancen sauya mata aiki.

Doka ta biyu ta fi wannan nauyi. A ranar 26 ga Mayu 1961 aka kafa doka mai lamba 61-05 wadda ta ja iyakar noma ta arewa, layin da ya bi kusan inda ruwan sama ke tsayawa a milimita 350 a shekara. Arewa da layin an hana buɗe sababbin gonakin damina, an kuma hana manoma kafa sababbin tungaye. An bar ƙofa biyu kawai: noman da makiyayi zai yi don cin gidansa, da noman dausayi irin na garake. Manufar dokar mai kyau ce, wato kare makiyaya daga garmar da ke hawowa daga kudu. Amma abin da ya haifar a jahar Agadas shi ne, ƙasa mai faɗin gaske ta zama wadda doka ba ta zaci za a yi zaman dindindin a cikinta ba. An yarda da garka, ba a ce komai ba a kan wanda zai kwana a cikinta. Arlit kuwa tana can nesa arewa da layin, kimanin kilomita 240 daga Agadas, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 100.

3. Gari uku a wuri ɗaya

An fara ganin alamar uraniyom a Azelik a 1957, lokacin da masu binciken ma'adinai na Faransa ke neman tagulla. Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, CEA, ta ci gaba da bincike har ta gano ma'adanan Arlit. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka aza harsashin garin a 1969, aka fara fitar da ƙarfe a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, da hannun jarin Nijar, Faransa, Japan da Sipaniya, ya fara aiki a ramin ƙarƙashin ƙasa na Akuta a 1978, ya kuma gina wa ma'aikatansa garin Akokan, ƴan kilomitoci kaɗan daga Arlit. Wutar lantarki ta riƙa zuwa daga gawayin Anu Araren na kamfanin SONICHAR daga 1981, hanyar kwalta ta Tawa zuwa Arlit kuma aka gama ta a farkon shekarun 1980.

Abin lura ga batunmu shi ne, gari na farko da aka gina ba hukumar gari ce ta tsara shi ba, kamfani ne. Unguwannin ma'aikata, waɗanda kowa ke kira site, an zana su a kan takarda kafin a aza tubali ɗaya, an raba gidaje bisa muƙami, na manyan ma'aikata daban, na matsakaita daban, na leburori daban, da ruwa da wuta da asibiti da kantin sayayya. Mazaunin site ba mai gida ba ne. Gidan na tafiya ne da aikin, ranar da aiki ya ƙare mabuɗi ya koma. A nan dokar gini tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai ba dokar ƙasa ba ce, dokar mai gida ce.

Gari na biyu shi ne wanda masu bincike suka kira ville induite, wato garin da site ta jawo: ƴan kasuwa, mahauta, teloli, direbobi, ma'aikatan gwamnati, yawancinsu daga Adar, Gobir, Damagaram da yammacin ƙasa. A nan ne aka yi lotisma, aka yanka filaye murabba'i, aka ba da takardu. Shi ne kaɗai wurin da dokar 1959 ta yi aiki kamar yadda aka rubuta ta.

Gari na uku ba a zana shi ba. Farin 1973 da 1974, sa'an nan na 1984 da 1985, sun kashe dabbobi a Abzin da Azawak, makiyayan da suka rasa garkensu suka doshi inda ake ganin fitila da famfo. Suka sauka a gefen site da gefen lotisma, a unguwannin da aka sa wa suna Bukoki, sunan da shi kansa jam'in bukka ne. Ƙidayar 1977 ta sami kimanin mutum 10,000 a Arlit, ta 1988 sama da 30,000, ta 2012 kusan 80,000. Mu tuna cewa farashin uraniyom ya faɗi tun farkon shekarun 1980, kamfanonin suka yi ta rage ma'aikata. Ke nan garin ya ci gaba da girma a daidai lokacin da site ke raguwa. Ma'aikacin da aka sallama, idan bai koma garinsu ba, daga gari na farko yake faɗawa na biyu ko na uku. Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1999 a kan Abzinawan Nijar, fim ɗin Idrissou Mora-Kpaï na 2005 mai suna Arlit, deuxième Paris kuma ya nuna yadda abin ya kasance bayan daɗin ya wuce.

4. Yadda bukka ke zama gida

Garake sun tsiro a gefen garuruwan biyu ne saboda ruwa. Ruwan da ake sha a Arlit na ƙarƙashin ƙasa ne, tsohon ruwa da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, kuma ba ya sabuntuwa sai kaɗan. Wanda site ta yi amfani da shi ta zubar ana tara shi a tafkunan tacewa, daga nan masu garka ke jan sa zuwa fangalinsu na salati, tumatir, kabeji, karas da ciyawar dabbobi. Noman garka ba baƙo ba ne a yankin: Kel Ewey na Timiya, Iferwan da Tabelot sun daɗe suna ban ruwa da rijiyar da sa ko raƙumi ke ja, wadda suke kira tekarkart. Abin da ya bambanta shi ne, a kwarurrukan Abzin garka tana da tarihin gado da shaidun da suka san iyakarta, a Arlit kuwa ƙasar ta gwamnati ce, ruwan na kamfani ne, guminsa kaɗai ne na mai garka.

Mai garka ba ya iya barin ta da dare, saboda awaki da ɓarayi da kuma lokacin sakin ruwa. Sai ya kafa rumfa. Rumfar takan fara da tabarma da itace, ta koma kwali da buhun siminti da gangar da aka fasa aka miƙe, sa'an nan a buga tubalin laka a tayar da ɗaki ɗaya, a ce na ajiyar taki da kayan aiki ne. Haka nan makiyayin da ya rage da awaki goma yake yin garke a bakin gari, ya kafa inuwa kusa da shi. Babu ranar da za a nuna a ce yau ɗakin ajiya ya zama gida. A ganinmu, idan ana neman wannan rana, to ba a ofis za a same ta ba: ita ce ranar da mace ta tare, aka kafa murhu, aka ja darni ko katanga don sutura. Jama'a na da ma'auninsu na gane gida, kuma ma'aunin a bayyane yake, doka ce ba ta san da shi ba.

A nan akwai wani al'amari da bai kamata mu wuce shi da sauri ba. A wurin Abzinawa tantin tabarma, ehan, na mace ne. Danginta ke haɗa mata shi lokacin aure, idan aure ya mutu miji ne ke fita. Ɗakin laka kuwa namiji ne ke gina shi da kuɗinsa, kuma nasa ne. Susan Rasmussen ta yi rubutu a kan yadda wannan ya sauya zaman aure a tsakanin Kel Ewey, inda sau da yawa ake ganin tanti da ɗakin laka a cikin gida ɗaya, kowane da mai shi. Idan muka ɗora dokar rayawa a kan wannan, sai mu ga abin da ke faruwa: abin da hukuma ke iya lissafawa a matsayin gini shi ne na namiji, takarda kuma, in an samu, da sunansa take fita. Sauya bukka zuwa gida, wanda a Turai zance ne na amfanin gini, a nan yana iya zama sauya mai gidan kansa, ba tare da wani ya yi niyyar hakan ba.

5. Kundin 1993 da ratar da ya bari

A ranar 2 ga Maris 1993, a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya da ya biyo bayan taron ƙasa na 1991, aka sa hannu a kan doka mai lamba 93-015, wato kundin tsarin karkara. A wannan rana ɗaya aka sa hannu a kan dokar ma'adinai mai lamba 93-16. Ɗaya ta ce haƙƙin gargajiya a kan ƙasa daidai yake da na rubuce, ɗaya ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A kudancin ƙasa waɗannan dokoki biyu ba safai suke haɗuwa ba. A Arlit kuwa a fili ɗaya suke kwana.

Kundin ya kawo wa makiyaya abu sabo, shi ne terroir d'attache, wato mazaunin da makiyayi ya saba komawa yawancin shekara, wanda dokar zartarwa mai lamba 97-007 ta 10 ga Janairu 1997 ta fayyace. A kan wannan mazauni yana da fifikon amfani, ba mallaka ba, kuma ba ya hana wasu shayarwa ko wucewa. Sai dai aya ta 28 ta kundin ta ƙara da cewa idan aikin makiyaya ya buƙaci kafuwa ta dindindin a kan fili mai iyaka, ana iya amince musu da mallakar ƙasar. Wannan jimla ita ce mafi kusa da abin da za mu iya kira dokar mayar da garke gida a tarihin Nijar. Ta yarda cewa mai tafiya yana iya zama, zamansa kuma yana iya haifar da haƙƙi. Amma an rubuta ta ne da tunanin rijiya da ruga a daji, ba da tunanin Bukoki ba. Wanda ya sauka a bakin Arlit a 1985 bayan garkensa ya ƙare, a idon kundin ba makiyayi ba ne sosai tunda ba ya da dabba, ba manomi ba ne tunda yana arewa da layin 1961, ba kuma ɗan birni ba ne tunda yana wajen lotisma.

Hukumomin da kundin ya kafa, waɗanda ake kira Kofo, a matakin gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye, suna ba da takardun shaidar riƙon gargajiya, da na saye, kyauta, aro, haya da jingina. Dukansu a kan ƙasa suke magana. Babu takarda ɗaya a cikinsu da ke tambayar me aka gina a kai, ko wa ke kwana ciki. Dokokin tsarin birni kuwa, daga ta 1997 zuwa ta 2008, da ta 2013, da mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilu 2017, su ne ke magana a kan izinin gini, amma izinin gini na farawa ne da takardar fili, wadda mai bukkar garka ba ya da ita. Ofis ɗaya yana ganin ƙasa ba ya ganin gini, ɗayan yana ganin gini amma sai a kan ƙasar da ya yanka da kansa.

Zaɓen ƙananan hukumomi na Yuli 2004, wanda yana cikin ƴaƴan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ya kawo majalisa da magajin gari zaɓaɓɓu. Wannan ya kusantar da hukuma ga jama'a, amma ya zo da wata matsala da aka gani a yawancin garuruwan ƙasar: lotisma ta zama babbar hanyar samun kuɗin ƙaramar hukuma. Idan ma'auni ya iso gefen gari, garka ko garke na iya zama filaye masu lamba cikin ƴan makwanni. Nan ne rashin takarda ke cizo. Mai ɗakin laka na iya cewa shekara ashirin yake nan, shaidunsa maƙwabta ne da mai unguwa, amma ko za a bar masa wurin, ko a ba shi wani, ko a biya shi, ya dogara ne ga sulhu da sanayya fiye da ayar doka. Ba mu ce sulhu ba ya aiki ba. Sau da yawa shi ke hana rikici. Abin da muke cewa shi ne, mai ƙarfi ya fi cin ribar sulhu.

Doka mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 a kan kiwo ta sake tabbatar da layin 1961, ta hana kowa mallake makiyaya shi kaɗai, ta kuma ce idan izinin haƙar ma'adinai ko man fetur ya hau kan wurin da makiyaya ke da fifiko, sai an biya su diyya kafin a shiga. Wannan ci gaba ne na gaske, ko da yake ya zo bayan an riga an ba da izinin Azelik da na Imuraren, wanda aka bayar a 2009. Amma ta wani gefen ta ƙara ƙuntata ƙofar da aya ta 28 ta buɗe, domin duk abin da ya yi kama da kafa katanga a makiyaya ya zama abin zargi, kuma da dalili, tunda an ga masu kuɗi suna killace daji da sunan kiwon zamani. Dokar da aka yi don hana attajiri shinge ba ta da hanyar bambanta shi da talakan da ya tayar da ɗaki ɗaya kusa da garkensa.

6. Abin da ke cikin bango

Mun ambata a farko cewa a Ingila ana duba gurɓatar ƙasa kafin a yarda rumbu ya zama gida. A garin da ya fi kowane buƙatar wannan tambaya, babu matakin da ake yin ta. Inda babu itace, babu kara, siminti kuma sai ya yi doguwar tafiya, kayan gini mafi araha shi ne abin da ma'adana ta zubar: bututu, ganga, tsohon ƙarfe, zanen tace, duwatsun da aka haƙo aka yar. Da su aka yi rufi da ƙyaure da ginshiƙi, har da tukwane.

Ƙungiyar Aghirin'man, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta, ita ta fara ɗaga murya a kan wannan a farkon shekarun 2000. Bisa gayyatarta, masu binciken CRIIRAD na Faransa suka zo a Disamba 2003, suka sami ƙarafa masu ɗauke da burbushin uraniyom ana sayarwa a kasuwar Arlit. A 2007 aka gano duwatsun ma'adana da aka yi ciko da su a titin Akokan, a Nuwamba 2009 kuma ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titunan garin ta sami tururin da ya ninka na yau da kullum kusan sau 500. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta cewa lafiyar jama'a na cikin haɗari, amma ya shiga aikin auna tituna da gidaje tare da hukumomi da ƙungiyoyi, aka kwashe abin da aka samu a wurare da dama. Ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukunci a kan lissafin likitoci. Abin da ya shafi tarihin doka shi ne, bambancin rumfar ajiya da ɗakin kwana a nan ba na takarda ba ne kawai. Ƙarfen da mutum zai wuce ta gefensa na minti biyar a rana daban yake da wanda jariri zai kwana ƙarƙashinsa shekara da shekaru, musamman a ɗaki rufaffe inda iskar radon ke taruwa. Kuma karo na farko da wata hukuma ta bi gidajen gefen gari ɗaya bayan ɗaya tana duba da me aka gina su, ba mai ba da izinin gini ba ne ya zo, mai na'urar awo ne.

7. Bayan rufe Akuta

COMINAK ta daina haƙa a ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 na uraniyom, ta bar tarin dusar ma'adani da ya kai kimanin tan miliyan 20 wanda aka fara aikin rufewa. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Shirin rufewar ya tanadi miƙa gidajen site, da asibiti, da layukan ruwa da wuta ga gwamnati da kamfanoninta. Da wannan tambayarmu ta juyo da fuskarta: yanzu gidan kamfani ne, wanda aka gina a filin masana'anta a matsayin wani ɓangare na kayan aiki, ke neman zama gidan zama mai takarda da gado. Wannan sauyi, saboda na siminti ne kuma yana da lamba da taswira, ya sami kwamitoci da yarjejeniyoyi cikin ƴan shekaru, abin da bukkar garka ba ta samu ba cikin shekara hamsin.

Garake kuwa makomarsu na rataye ne a kan site. Idan mazauna site suka ragu, ko aka fara biyan kuɗin ruwan da a da kyauta ne, ruwan da ke gangarowa tafkunan tacewa zai ragu, garkar da ta bushe kuma ba abin da ya rage mata sai ta zama fili. Zinariyar da aka gano a Jado da Cibarakaten a 2014 ta riga ta kawo sababbin baƙi da sabon kuɗi Arlit, ta ƙara wa filayen gefen gari daraja. A Yuni 2024 gwamnati ta janye izinin Imuraren daga hannun Orano, a Yuni 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Daga wannan lokaci mai ƙasar, da mai ma'adanar, da mai gidajen site, da mai ba da izinin gini a Arlit duk sun zama hukuma ɗaya. Ga mai binciken da zai ɗora daga inda muka tsaya, wuraren dubawa su ne rajistar lotisma ta ma'aikatar magajin gari, da kundin Kofo na gunduma, da taswirar awon tururi da aka yi bayan 2009, domin a aza su ɗaya kan ɗaya a ga gidaje nawa ne suka fito a ta ukun ba su fito a biyun farko ba.